Shekarar da Na Kashe Gansakukar Hajjo

Kwana huɗu ke nan ban zauna wuri ɗaya ba. In na shimfiɗa tabarma a zaure sai zafi ya kore ni zuwa gindin dogon yaro, in na je can kuma sai in ji kamar na baro wani abu a wuta. Bazarar bana irin wadda kaza ke buɗe baki ta manta rufewa ce. Mutanen gida sun ce tsufa ke damuna. Ni kuwa da na yi boko har aji uku a Jega, kafin babana ya ce albasa ta fi malamin makaranta buƙatata, na san sunan ciwona. Itace goma sha biyu ne da ɗana Sahabi ya sauke a ƙofar gida zai kafa rudu.

Wanda bai san rudu ba, rumfar ajiyar albasa ce. Ana ɗaga ta bisa ƙasa, a yi mata gado da kara, a rufe da ciyawa, iska na shiga ta ƙarƙashi. Sahabi ya samu albasa bana, Allah ya yi albarka, kuma yana son kafa rudunsa jikin bangon ɗakin tsakiya, wanda ke kallon gabas, don nan iska ke bi, kuma daga azahar inuwar bangon ke rufe wurin. Sai dai wurin da masu shi.

Jikata Ummi, ɗiyar Sahabin, ta yi karatu a Aliero ta dawo mana ƙauye nan bayan Jandutsi da takarda da tabarau. Mun zaci aikin ofis za ta nema. Sai ta tara matan unguwa tara, sunka haƙa ramuka huɗu marasa zurfi jikin wannan bango, sunka shimfiɗa tamfol, sunka zuba ruwa, wai noman gansakuka suke. E, gansakuka, koren nan da ke kama bakin rijiya yana kayar da mutane. Ta ce nata ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru sun rina ruwa. Suna tacewa da ƙyalle, su shanya, su haɗa da dusa su ba kifin da suke kiwo. Sunanta na yanka Hajara, sunan matata marigayiya Hajjo, shi ya sa ubanta ba ya iya faɗinsa yake ce mata Ummi. Ni Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Ango, ko Aji Uku in tsokana ta motsa.

Ran Litinin na same ta tsugune bakin rami, ta ɗaga wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana.

Na ce, "Amarya, mi kike nema ga sama? Sabis ya ɗauke?"

Ta ce, "Haske nike aunawa, Ango."

"Rana ma yanzu awo ake mata? Tiya nawa ta kai yau?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In haske ya yi yawa ta ƙone, in ya yi kaɗan ta shaƙe. Duk gidan ga nan kaɗai ya dace, rana da sahe, inuwa da marece. Kuma Baba ya ce mu kwashe kahin Jumma'a."

"Ku kai ina?"

"Masussuka. Wai ruwa ne da kore, ko'ina anka aje shi sai shi yi."

Da na ji ta ambaci masussuka, filin sussukar hatsi, sai na gyara hula. Ita ba ta lura ba, ta ci gaba. Ta ce a makaranta an koya musu cewa can bakin teku akwai matan da ke noman ciyawar ruwa, suna ɗaura ta jikin igiya, su yini tsaye cikin ruwa har ƙugu. Su ke dasawa, su ke shanya, amma da abin ya fara amfani sai maza su karɓe wuri mai kyau, in an zo rubuta suna kuma na maza ake rubutawa.

Na ce, "Teku dai ban taɓa ganinta ba, amma mazan nan na san su."

Ta ce, "Gidan naka ne, Ango. Kai za ka hwaɗi."

To, tun daga nan zama ya gagare ni, don ni na taɓa kai gansakuka masussuka.

Shekarar fari ce, Sahabi na goye. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke shirin fidda kai. Kullum hadari ya taso daga gabas, mu fito mu tsaya muna kallo, sai iska ta kwashe shi ta yi wajen Maiyama, can ma su ce ba su gan shi ba. Gero ya bushe a tsaye iya ƙugu. Abin da munka ɗaure bai rufe gindin rumbu ba. Kafin bazara tuwo ya koma sau ɗaya a yini, shi ma ruwa-ruwa, in ka yanka loma sai ta bi yatsunka ta koma akushi.

Babanmu ya riga ya rasu, wana Na-Allah, wanda muke ce wa Yaya, shi ne babban gida. Mu maza duk fatanmu na kan albasar fadama. Daga sallar asuba muna kan jigo, wannan dogon itace mai guga da ake ɗaga ruwa da shi, muna ja muna juyewa har kafaɗa ta daina jin ciwo. Rijiyar fadama kuwa kullum ƙasa take yi, duk mako sai mun shiga mun ƙara yasa.

Hajjo na da agwagi goma sha ɗaya, irin da ta zo da shi daga gidansu a Mungadi. Gidan da mutum bai ƙoshi ba wa zai watsa wa agwagwa tsaba? Wata rana ta kawo mini fura fadama, wadda ruwanta ya fi gero yawa, sai ta tsaya tana kallon komin da ke ƙarƙashin jigo, inda ruwa ke kwanciya ya yi kore. Ta ɗibi koren cikin ƙwaryar furar ta tafi da shi. Na ce mata in miya za ta yi kada ta sa ni a lissafi.

Ta tattara fasassun tukwane da kasko da gindin randa, ta jera su jikin bangon gabas. Ba nan ta fara ajewa ba, sai da ta gwada wuri uku, suna lalacewa tana sakewa. Da ta gane bangon, abin ya kama. Ige matar Yaya ta shigo ciki, matan gida biyar na unguwa sunka kawo nasu tukwanen, don babu gidan da ke da bango irin namu. Tukwanen sunka kai goma sha bakwai.

Har yau ina iya faɗin aikin a jere. Da asuba wadda ke da zagaye ta ɗebo ruwa tulu biyu daga rijiyar gari, bayan ta yi layi. A ƙara wa kowace tukunya kaɗan, a ɗiga ruwan tsari in an samu hatsin wankewa, a sa ɗan kashin agwagwa, a motsa da tsohuwar muciya. Sai a bar wa ranar safe. Hajjo ta kafa turke gaban tukwanen ta ajiye wani farin dutse kusa da shi. In hantsi ya ɗaga, inuwar turken ta gajarta har ta sauka kan dutsen, sai a ja zana a rufe. Zanar ma ba sabuwa ba, tsohuwa wadda ta yi huji-huji, haske na ɗigowa kamar ta rariya. Da azahar, in inuwar bango ta sauko, a janye. Da la'asar a tace da ƙyalle, a cuɗa da 'yar dusa. Agwagi su taho suna rangaji kamar alhazai.

Sunka yi ƙiba muna ramewa. Sunka fara ƙwai. Wata tsohuwa cikin matan, Inna Tsahara, ita ke kai ƙwan kasuwar Jega ta musanyo dawa, a raba gida shida. Mu kuwa a majalisa dariya muke, muna cewa mata sun buɗe gidan abinci na kwaɗi. Kunun da muke sha da safe kafin mu je mu yi dariyar, ba wanda ya tambayi daga ina dawarsa ta fito.

Da munka cire albasa, ba ta da yawa, Yaya ya ce ba za a sayar yanzu ba sai ta yi tsada cikin damina. Ya zagaya gida yana neman wurin rudu, ya tsaya gaban tukwanen.

Ya ce, "Nan za a kahwa."

Hajjo na daga bakin ɗaki, ta ce, "Yaya, wurin ga da aiki bisa nai."

Ya ce, "Wane aiki? Wasan ruwa?" Ya juyo gare ni, don a lokacin ba a amsa wa mace kai tsaye in mijinta na wurin. "Kai, ɗan boko, ka nema musu wani wuri."

Na ce to. Ban ko dubi inda take ba.

Ana haka gwaggon Hajjo ta rasu a Mungadi, ita da Ige sunka tafi gaisuwa ta kwana uku. Ta bar wa Inna Tsahara amanar zana. Da tsohuwar ta zo da hantsi ta tarar muna haƙa ramukan itace, Yaya ya ce ta koma gida, mu za mu kula.

A nan ilimina ya tashi. Na tuna malaminmu na aji uku ya taɓa zana ganye a allo da rana bisa kansa, ya ce duk abu mai kore rana yake ci. Na yi lissafi irin na masana: in rabin rana na ciyar da agwagwa goma sha ɗaya, cikakkiyar rana sai ashirin da biyu. Matan nan, na ce a raina, hana abin nan abinci suke da zanarsu. Na ɗauki tukwanen ɗaya bayan ɗaya a ka, ruwan kore na bin wuyana, na jera su tsakiyar masussuka inda ko inuwar tsuntsu babu. Zanar kuwa Yaya ya sa ta a rufin rudu, don ciyawa ta yi wuya a shekarar.

Rana ta farko ruwan ya yi ta kumfa. Na kira Yaya na nuna masa, na ce ci yake. Rana ta biyu da azahar na tsoma yatsa na fizge, ruwan ya yi zafin da ko alwala ba ta yiwuwa da shi. Koren ya koɗe ya koma kalar fitsarin jaki, gefen tukwanen ya yi fari. Hankalina ya tashi. Na sake lissafi: tun da rana ta yi masa yawa, maganinsa duhu. Na sake kwasar tukwanen a ka, na zuba su cikin rumbun da babu komai, na rufe. Rana ta uku da na buɗe, warin da ya buge ni sai da na zauna. Duk abin ya kwanta ƙasa, baƙi, kamar dagwalo.

Hajjo ta dawo da la'asar, Sahabi a bayanta, ƙafarta fari fat da tafiya. Ta dubi rudu. Ta bi wari har rumbu, ta leƙa, ta daɗe. Ina tsaye ina gyara hula.

Ta ce, "Malam, wa ya aike ka?"

Na ce, "Ba aike ba ne, bincike ne. Malaminmu ya ce..."

"Aji nawa ka ce ka yi?"

"Uku."

"Allah ya so mu ba ka kai shida ba. Da rijiyar gari ma ka kashe ta."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ta yi faɗa da na samu abin ramawa. Matan unguwa sunka zo sunka ɗauki tukwanensu, kowace ta wuce ta gabana ba gaisuwa. Hajjo ta je fadama neman sabon iri, ta tarar komin jigo ya bushe ya tsage, don mun daina ban ruwa.

Daga nan yunwar gaske ta shigo. Ƙwai ya tsaya, dawar Jega ta tsaya. Agwagi sunka fara faɗuwa, muna rige-rigen yankawa kafin su mutu, naman kamar igiya. Ruwan farko na damina ya zo da iska mai ƙarfi ya ɗage rabin rufin rudu, ya jiƙe albasa, sa'an nan ya ɗauke kwana ashirin. Shukar farko ta ƙone, munka sake da irin da munka roƙo. Zafi ya dafa jiƙaƙƙiyar albasa a cikin rudu, ta fara tsiyayar baƙin ruwa. Kullum Yaya ya hau ya tsince ruɓaɓɓu, washegari ya tarar da wasu. Gida ya koma kwaɗon tafasa ba ƙuli, sai gishiri, da faten dusa. In na sunkuya noma na ɗago sai in ga gona ta yi duhu tana juyawa. Nonon Hajjo ya ragu. Sahabi ya yi kuka kwana da kwanaki, daga baya ya daina, sai dai ya bi mutum da ido. Wannan shirun ya fi kukan tayar mini da hankali.

Abin da ya cece mu lalacina ne, kuma ina son a rubuta wannan. Ran da na kwashe tukwane akwai wani kasko a ƙarshen bango, bayan turmi, yana yoyo. Na ce ba zan jiƙa rigata don shi ba, na bar shi. Hajjo ta same shi da ɗan kore iya tafin hannu. Ba ta gaya wa kowa ba sai Ige. Ta liƙe tsagar da yumɓu, tana rufe shi da faifai in inuwar turke ta kai dutse, tana ɓoye shi daga agwagi ukun da sunka rage.

Wata safiya, ana cikin warin albasa, sai ga matan gida biyar ɗin nan sun shigo da tukwanensu a ka, Inna Tsahara a gaba. Ba su yi sallama da mu ba. Sunka kama itacen rudu suna girgizawa suna tugewa. Hajjo ta ciro zanarta daga rufi ta kakkaɓe. Yaya na tsaye ya goya hannu a baya.

Na ce, "Yaya, ba ka magana?"

Ya ce, "Kai ka yi, kai ne mai ilimi."

Munka matsa gefe. Matan sunka raba ɗan koren kaskon cikin tukwane. Da yake yanzu akwai ruwan sama a randa, kwana goma tukwanen sun rinu. Agwagwa biyu mata sunka koma ƙwai. Na farko Hajjo ta dafa ta murje gwaiduwar ta shafa wa Sahabi a baki, ya lashe, ya yi kukan neman ƙari, duk gida munka tsaya muna sauraro. Haka munka lallaɓa, ƙwai ɗaya ga yaro, saura Jega, har gero ya nuna munka gasa tumu.

Ga abin da ban taɓa faɗi ba. Bayan kaka, a majalisa, wani dattijo ya ce gidan Na-Allah sun fita shekarar nan ba su binne kowa ba, dabarar ɗan boko ce ta gansakuka. Mutane sunka juyo suna kallona. Na gyara hula, na ce ai duk yin Allah ne. Labari ya kai cikin gida. Da Hajjo ta kawo mini tuwo ta ce, "Malam, an ce ka yi dabara. Allah shi ƙara ilimi." Shekara tara ke nan da rasuwarta, ban gyara maganar ba.

Jiya Alhamis bayan la'asar Sahabi ya shigo da abokansa biyu da igiyar awo. Matan Ummi na bakin ramukansu, sun yi cirko-cirko. Na ce kowa ya zauna, har da mai unguwa da na aika a kira. Na ba su labarin nan kaf, har da fitsarin jaki, har da hula. Matan sunka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa.

Sahabi bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, na ji. Amma albasa ita ce abincin gidan ga. In ta ruɓe, kore za mu ci?"

Na ce, "Kai dai ka taɓa cin sa, ta hanyar agwagwa. Shi ya sa har yau kake tahiya kana rangaji."

Ya ce, "Baba, ba wasa nike ba. Ina zan kahwa rudun?"

Gaskiyarsa ce, albasarsa na zube tana jiran rufi. Na ce ya ɗauki gindin dogon yaro, inda nake kishingiɗa shekara ashirin. Iska na bi, inuwa ba ta barin wurin. Ya ce to ni ina zan zauna. Na ce wannan matsalar masana ce, ya bar mana.

Na sa anka kawo takarda, na rubuta da hannuna cewa bangon gabas, daga turmi zuwa kwana, na matan nan ne muddin suna aiki a wurin. Na sa kowace ta faɗi sunanta na rubuta, su tara, Ummi ta goma. A can sama na sa Hajara ta Mungadi, wadda ta gano wurin. Mai unguwa ya dangwala yatsa. Sahabi ya daɗe yana kallon sunan na sama, sa'an nan ya naɗe igiyarsa ya ce wa abokansa su kwaso itace.

Yau da safe na tona gindin bango na samo farin dutsen, ya nutse kamar taƙi ɗaya. Na kafa turke inda na tuna yake. Ummi ta tsaya da na'urarta ta ce mu gani. Na'urar ta ce a rufe, inuwar turke kuwa saura yatsa uku ta kai dutse.

Ta ce, "Ango, dutsenka ya makara."

Na ce, "Na'urarki ke gaggawa. Ki kai ta gyara."

Ta ce, "Ko kai ka kahwa turken ba daidai ba, Aji Uku."

Ban musa ba, ina da tarihi. Matan sun yanke cewa tun da ba ni da wurin zama yanzu, ni zan riƙa jan ragar inuwa da suke rufe ramukan da ita maimakon zana, in sun tafi wajen kifi, bisa sharaɗin ba zan yi wani bincike ba. Inna Tsahara ta daɗe da rasuwa, amma jikarta na cikinsu, ita ta kawo sharaɗin.

Ina wannan rubutu a tsaye, takarda bisa turmi, ido ɗaya kan turke. Can gindin dogon yaro ina jin Sahabi na buga itace inda tabarmata take. Inuwa ta kusa sauka kan dutsen Hajjo. Bari in aje alƙalami in ja raga.